Na-duƙe a Filin Wasa: Tawali'u da Naci ga Ɗaliban Sakandare

Bahaushe ya kira noma "na-duƙe", wato ya raɗa wa sana'arsa mafi daɗewa sunan sunkuyawa. A ganina, cikin wannan suna akwai darasin da ɗalibai 'yan wasa a makarantun sakandare suka fi buƙata.

A Bakori da Funtuwa da Malumfashi, da yawa daga cikin yaran da ke guje-guje da ƙwallon ƙafa 'ya'yan manoman masara da auduga ne. Sun san gona ba ta jin kirari. Sai an yi firi da maimai kafin a kai amfani rumbu. Amma da zarar wani ya ci kofi a gasar makaranta, sai ya fara ƙauracewa atisaye, ya raina malamin wasanni, har ya yi sakaci da karatu yana mafarkin Turai. Ƙarshenta ya rasa wasan, ya rasa takardar shaida.

Ahmed Musa, wanda irin waɗannan yara ke kwatance da shi, sai da ya yi gumi a filayen gida, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kafin ya tafi Holan. Ƙwallaye biyun da ya zura wa Ajantina a 2014 girbi ne na wancan noma.

Saboda haka, ya kamata makarantu su riƙa karrama ɗalibin da bai taɓa fashin atisaye ko aji ba, kamar yadda suke karrama wanda ya zo na ɗaya. Yaron da ya iya duƙawa a gonar mahaifinsa ba zai gagara duƙawa a gaban mai horar da shi ba.