Sana'ar Hannu Ita Ce Rumbunmu Na Biyu

'Yan'uwa manoma, damina a ƙasarmu ta Bukkuyum da Anka da Gummi ba ta wuce wata huɗu ko biyar. Da an kawar da gero da dawa an kai rumbu, sauran watannin shekara suna nan suna jiranmu da baki buɗe. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa ba su dogara ga gona kaɗai ba. Kowane gida yana da aikin rani. Wani maƙeri ne, wani masassaƙi, wani majemi ko baduku, wani masaƙi, wani gyartai. Mata kuwa suna kaɗi, suna ginin tukwane, suna saƙar faifai da tabarma. Ra'ayinmu a wannan fitowa shi ne, ƙungiyoyinmu na gama kai su ɗauki waɗannan sana'o'i da muhimmanci daidai da yadda suke ɗaukar taki da iri, su sa su cikin lissafinsu da shawararsu ta shekara. Ba don kewar zamanin da muke faɗin haka ba. Maganar abinci ce, da lafiyar 'ya'yanmu, da zaman samarinmu a gida.

Bari mu fara da abin da rani marar sana'a ya jawo mana. A shekarar 1851 wani Bature mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Kano, ya ga yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Hausa suke kaiwa har Timbuktu da ƙetaren Sahara. Fatar jan akuyarmu ta Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna saye ta hannun fatake, suna kiranta fatar Maroko. Daga baya yadin kanti ya kori masaƙa na gargajiya. Manyan masaƙu na inji su ma ba su dawwama ba: ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta Gusau ma ta bi sahu. Roba ta kori ƙwarya da tulu, leda ta kori kwando. Da rani ya zama babu aiki, sai samari suka kama hanyar ci-rani, waɗansu kuma suka faɗa ramukan zinariya.

Dukanmu mun san abin da ya biyo baya. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma da Tungar Guru. Dutsen da ake haƙowa yana da dalma da yawa, ana kuwa daka shi ana niƙa shi a cikin gida, da turmi da injin niƙan hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma sai da aka yi musu magani. Ku duba fa, turmin da masassaƙi ya sassaƙa don a ciyar da iyali, shi aka mayar abin dakan guba. Ba mu ce rashin sana'ar hannu kaɗai ya kawo wannan masifa ba, gama tsadar zinariya a kasuwar duniya ita ta fi jan mutane. Amma mutumin da yake da abin yi a ƙofar gidansa ba ya saurin shiga rami.

Yanzu kuma ga matsalar 'yan bindiga, wadda ta raba mutane da yawa da gonakinsu, suka koma zaman gudun hijira a Anka da Gummi da sauran garuruwa. A nan ne darajar sana'ar hannu take fitowa fili. Ba a ɗaukar gona a ka, ba a goya rumbu a baya. Amma mace mai ginin tukwane, duk inda ta sami yumɓu ta sami abinci. Maƙeri kuma in ya tsira da masabarsa da awartakinsa, gobe sai ka ji ƙarar ƙira a bakin kasuwa. Sana'a dukiya ce wadda ɓarawo ba ya korawa daji.

To, ba mu kaɗai ne roba da inji suka shiga wa gida ba. Bari mu ga abin da waɗansu suka yi. A ƙasar Japan, da suka ga kayan masana'antu suna neman shafe aikin magina da masaƙa da marina, sai suka yi doka a 1950 don kare irin wannan ilimi. Daga 1955 suka fara zaɓen gwanayen sana'a, gwamnati tana ba su kuɗi kowace shekara domin su ci gaba da aiki su kuma koyar da na baya. Watau sun gane cewa ilimin yana cikin hannun mutum, in ya mutu bai koyar ba, shi ke nan. A Indiya, Gandhi ya mai da kaɗi da saƙar hannu makamin neman 'yanci, bayan samun mulkin kai kuma aka yi dokar 1956 wadda ta kafa hukumar kula da saƙar hannu da sana'o'in ƙauye. A Bolgatanga ta arewacin Gana, ƙasa mai damina ɗaya kamar tamu, manoma maza da mata suna saƙa kwanduna da ciyawa, ana kai su har Turai da Amurka. Kada mu manta kuma, ita kanta ƙungiyar gama kai irin tamu, tushenta yana Rochdale ta Ingila, inda mutum 28 suka haɗa kuɗi suka buɗe kanti a 1844, da yawansu kuwa masaƙa ne. Ashe gama kai da sana'ar hannu tun asali 'yan gida ɗaya ne.

A gida Nijeriya ma muna da abin koyi. Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, wadda ta koyi gini tun tana yarinya a wurin 'yar'uwar iyayenta, ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Akwai kuma Mohammed Bah Abba na Jigawa, ɗan gidan magina, wanda ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya. Ana zuba yashi a tsakaninsu a jiƙa shi da ruwa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake bushewa ta jikin babbar tukunya, sai ya tafi da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Tumatir da gauta da alayyafo sai su ƙara kwanaki ba su lalace ba. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Masu noman rani a fadamunmu, wannan firji ne wanda ba ya bukatar lantarki, kuma maginiyar ƙauyenmu za ta iya yin sa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mun san akwai masu cewa, ai kayan roba sun fi araha, sun fi sauƙin ɗauka. Gaskiya ne, kuma ba mu ce wa kowa ya jefar da bokitinsa ba. Yarinya mai zuwa rijiya da nisa, jarka ta fi mata tulu. Amma a yi lissafi duka. Ruwan randa yana da sanyi, na roba yana ɗumi. Ƙwarya in ta tsage gyartai ya ɗinke ta, in ta ƙare ta ruɓe ta koma ƙasa. Leda kuwa tana nan a gona shekara da shekaru, akuya ta ci ta ta kumbura. Fartanyar da maƙerin garinmu ya ƙera ya san ƙasarmu, ya san tsawon mai riƙe ta, in ta dakushe gobe a mayar masa ya koɗa. Babban abu kuma shi ne inda kuɗin yake zuwa. Nairar da muka ba maƙeri, da ita zai sayi dawarmu ran kasuwa. Wadda muka ba da a kan kayan da aka yi a wata ƙasa ta tafi ke nan. Araha ba ta ado.

Waɗansu kuma suna cewa sana'a gado ce, ɗan manomi ba ya ƙira, ɗan boko ba ya jima. Wannan ra'ayi shi ya fi roba kashe sana'o'inmu. 'Ya'yan gidan sana'a suna gudunta don ana raina su, na waje kuma kunya ta hana su koyo. Wa ya ci riba? Babu. Yaro ya yi makaranta, ya kuma koyi aikin hannu. Wanda ya iya lissafi da awo shi zai fi iya sa wa kayansa kuɗi, ya kuma gyara garmar shanu da amalanke da injin ban-ruwa, ba fartanya kaɗai ba.

Amma fa ba duk abin gargajiya ne za mu riƙe ido rufe ba. Mu da muka binne yara saboda dalma, dole mu fi kowa hankali. Baƙin kwallin nan na dutse da ake sa wa jarirai a ido, yawancinsa daga dutsen dalma ake samo shi, a daina sa wa yara. Tukwanen da ake zubawa da tarkacen ƙarfen mota da makamantansu, gwajin da aka yi a Kamaru da waɗansu ƙasashe ya nuna waɗansunsu suna sakin dalma cikin abinci. Turmi ko dutsen niƙa da ya taɓa dutsen zinariya, kada ya sāke taɓa hatsi. Har wa yau, sassaƙa da ƙira suna cin itatuwa. Ƙiryar da maƙeri yake so don gawayi, masassaƙi kuma don turmi, tana ƙarewa a dajinmu. Sana'ar da take sara ba ta dashe, kanta take yanka.

Ga shawarwarin da muke so kowace ƙungiya ta tattauna a taronta na gaba.

Na ɗaya, a ƙidaya. Magatakarda ya rubuta sunan kowane mai sana'ar hannu a ƙauyen, har da baƙin da suka yi gudun hijira zuwa wurinmu, da abin da ya iya, da ko yana da mai koyo. Za ku yi mamakin yawan sana'o'in da suka rage a hannun tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya.

Na biyu, mu zama kasuwar farko. Kafin damina ƙungiya ta tara bukatar 'ya'yanta ta fartanya da kalme da lauje da magirbi, ta kai wa maƙeri aiki a dunƙule, ta ba shi rabin kuɗi ya sayi ƙarfe. Haka igiya da kwanduna da tabarmin shanya. Masu hangen kasuwar Turai su yi haƙuri tukuna. Tana da nisa, tana da dillalai, yau tana so gobe ba ta so. Ranar kasuwa a Gummi da Anka da Bukkuyum ita ce tabbas.

Na uku, asusun rance ya buɗe wa masu sana'a, musamman mata, kamar yadda yake buɗe wa mai neman taki. Ɗan kuɗin da zai sayi kaba da rini ko fata ba shi da yawa, kuma yana dawowa cikin makonni, ba sai kaka ba.

Na huɗu, a noma kayan aikin. Duma a bayan danga domin ƙwarya da ludayi da gora. Rama a gefen gona domin igiya. Bagaruwa a kan iyaka, ta zama shinge, 'ya'yanta kuma su yi jima. Goruba da giginya da suka tsiro a gona a bar su, a hana sara. Tun da shiga daji ya zama kasada, abin da yake kusa da gida shi ne namu. Zuwa ɗiban yumɓu ko kaba kuwa, a tafi a ƙungiya, da rana, bayan an ji labarin hanya.

Na biyar, a biya mai koyarwa. Kowace ƙungiya ta sa yara biyu ko uku a hannun gwani na tsawon rani, ta ba shi ladansa da hatsi, ko da 'yan tiyoyi ne daga kowane gida. Abin da Japan ta yi da dokar ƙasa, mu za mu iya yin irinsa da mudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na shida, a kula da kyau. Zanen da ake yi wa ƙwarya da wuƙa mai zafi, da adon faifai, da aikin baduku a jikin jaka, ba ɓata lokaci ba ne. Shi ne yake sa mai saye ya ƙara kuɗi, shi ne kuma alamar da take nuna kayan wane gari ne. Ƙungiya ta ƙi karɓar aikin ha'inci, domin tabarma ɗaya marar kyau tana ɓata sunan gari duka.

Babu ɗaya cikin waɗannan da yake jiran gwamnati ko baƙo daga waje. Abin da suke bukata shi ne shawara da riƙon amana, waɗanda su ne jarin kowace ƙungiyar gama kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokaci kuwa ba ya jira, gama gwanayen da suka rage tsofaffi ne, waɗansu ma suna zaune a gidajen aro nesa da ƙauyukansu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Yumɓu in ya bushe ba ya karɓar ado. Saboda haka kada ranin bana ya wuce ba a sa ko yaro ɗaya a gaban maƙeri ko maginiya ba. Ku aiko mana da labarin abin da ƙungiyarku ta yanke, domin sauran 'yan'uwa su ji su yi koyi.