Hawayen Zawarawanmu Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

'Yan uwa, tun bayan ƙona kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairun 2021, baƙi ba su daina yi mana sallama ba. Kowa da kyamararsa, kuma buƙatar ɗaya ce: a nemo masa matar da aka kashe wa miji, ko yaron da aka yi abin a kan idonsa, wai domin wayar da kan jama'a.

Ba mu ƙi a faɗi abin da aka yi mana ba, mu ne muka fi kowa son duniya ta ji. Amma mai ɗaukar hoton zai koma otal ya haska shi a taron bita, ita kuwa baiwar Allah a nan za ta kwana, gobe ta ci kasuwa ɗaya da mutanen da ta ambata. Ga fuskarta a fili, ga sunan layinsu. In aka biyo ta da dare, wa zai tare mata? Mai kyamara?

Sai a kawo takardar Turanci a ce ta dangwala. Da yawa daga iyayenmu mata a ajin yaƙi da jahilci suka koyi rubuta sunansu, to dangwale a kan abin da ba a fassara mata ba ai ba yarda ba ce. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ba mutum ikon janye amincewarsa. Wa ya taɓa gaya mata haka?

Masu yaɗa bidiyon gawawwaki ta WhatsApp da sunan kishi, ku ma da ku muke. A Yulin 1999, isar gawawwaki da 'yan gudun hijirar Shagamu birnin Kano ce ta tayar da ramuwar gayya a kan waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba. A lokacin babu wayar hannu a aljihun kowa, balle yanzu.

Don haka duk mai son hira ya biyo ta ofishin ƙungiya. Za a karanta wa mai labarin komai da Hausa a gaban wanda ta amince da shi, ita za ta zaɓi a saka sunanta ko a sakaya, kuma sai ta ga abin kafin ya fita. Fuskar yaro kuwa ba za a nuna ba, ko nawa aka ce za a bayar.