Maganin Kaifin Ƙwaƙwalwa: Wa Ya Gwada Shi?

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya ratsa Daurawa da Tarauni, ba zai rasa jin masu tallar magani da lasifika ba. A cikin hajarsu akwai garin zogale, da man habbatussauda, da ƙwayoyin ƙasashen waje, wai duk suna kaifafa ƙwaƙwalwa, suna hana mantuwar tsufa. Ɗalibai kan saya in jarrabawa ta ƙarato, ma'aikata kuwa su sai wa iyayensu.

Mu dai ba mu raina itatuwa ba. Galantamine, watau maganin da likitoci ke ba masu ciwon mantuwa na Alzheimer, daga wani fure aka fara samo shi, Amurka kuma ta amince da shi cikin 2001. Amma fa sai da aka gwada shi a kan mutane masu yawa tukuna. Ganyen ginkgo, wanda ya fi kowane suna a wannan fage, shi ma an gwada shi. A Amurka aka bi mutum fiye da 3,000 masu shekara 75 zuwa sama har kimanin shekara 6, rabinsu na shan ginkgo, rabi na shan ƙwayar da ba kome cikinta. Da sakamako ya fito cikin 2008, sai aka ga bai hana mantuwa ba. Cikin 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sha bitamin B da E da nufin tsare kai daga wannan ciwo.

To, ina zogalenmu ya tsaya? Galibin binciken da aka yi a kan amfaninsa ga ƙwaƙwalwa, a jikin ɓeraye aka yi shi, na 'yan makonni. Wannan mafari ne mai kyau, amma ɓera ba ya zama shaida a kan tsoho mai shekara 70. Lambar NAFDAC da mai talla ke ɗagawa kuwa, abin da take nufi shi ne an duba ko maganin na da illa, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkarwa ba.

Abin takaici shi ne, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano nan a bakin wannan titi, ga Jami'ar Bayero da masananta. Lalle ya kamata Gwamnati ta ware kuɗi a fitar da binciken zogale daga ɗakin ɓeraye, a gwada shi a kan mutane bisa ƙa'ida. In yana da amfani, mu ne da riba; in babu, talaka ya huta da asara.

Kafin nan, abin da aka tabbatar yana lalata ƙwaƙwalwa a hankali shi ne hawan jini da ciwon sukari da shan taba. Ma'aikacin da ke son tsare hankalin mahaifinsa, sai ya kai shi a auna jininsa, kada kuma ya bari ya ajiye maganin asibiti saboda wani gari. In tsohon na shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, a gaya wa likita kafin a ba shi ginkgo, gama haɗa su na iya jawo zubar jini.