Mu Daina Yi Wa Jiya Ƙarya

Da wuya a yi zaman hira a wannan jami'a tamu, ko a ɗakin kwanan ɗalibai ko a gindin bishiyar da muke jiran malami, a watse wani bai yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki zamanin da!" ba. Daga nan sai a shiga jero labari: wai da sule guda magidanci zai yi cefane har ya dawo da canji, wai ba a kulle ƙofa, wai yaro ba ya ɗaga ido ya dubi babba. Abin mamaki, galibin masu wannan kuka an haife su ne shekaru da dama bayan naira ta kori fam a 1973, ba su taɓa riƙe taro ko sisi ba, balle anini. Mu dai a ganinmu wannan kuka ƙarya ce ake yi wa magabata, kuma lalaci ne aka naɗa wa rawani.

Mu fara da zancen araha. Duk wanda ya ce kaya na da araha a da, sai mu tambaye shi, a aljihun wa sulen yake? Talakan da ya gama girbi, kafin ya huta mai unguwa ya iso da zancen haraji, makiyayi kuwa jangali na jiransa. Neman waɗannan 'yan kuɗi na cikin abin da ke fitar da maza cin rani, su bar iyali wata da watanni. Tsakanin 1942 da 1944 Turawan mulki sun yi ta kwasar mutane daga garuruwan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, da yawa kuwa sanyi da cuta suka kashe su a can. Yunwar 1914 ta ci rayuka ba iyaka a ƙasar Kano, farin 1973 kuma ya bar makiyaya da sanda a hannu. Wanne daga ciki muke marmari?

Ku dubi fuskokin wasu tsofaffinmu, za ku ga zanzana. Wannan sawun agana ne, cutar da ke makantar da wasu daga cikin waɗanda ta bari da rai, wadda sai a 1980 aka tabbatar da kawar da ita daga duniya. Kurkunu kuwa, a 1988 an ƙirga masu fama da shi sama da 650,000 a Nijeriya, ga shi ya fi kwantar da manomi a lokacin da gona ke nemansa, sai a 2013 aka shaida ƙasar ta rabu da shi. Ba mu ma taɓo iyayenmu mata ba, waɗanda tun asuba suke surfe da daka da niƙa a dutse da ɗebo ruwa daga nesa. Mai yabon tuwon da aka daka garinsa a turmi, da wuya ka tarar shi ne ya riƙe taɓarya.

Mun san za a ce mun raina manya. Allah ya kiyaye! Wanda ya raina su shi ne wanda ya share guminsu daga labarin, ya mayar da rayuwarsu tatsuniya. Lalle sun bar mana gado, sai dai masu kukan ba su damu su san yadda aka tara shi ba.

Mu da muke zaune a nan Kudu muna da misali a bakin ƙofa. A 1916 aka kafa Sabon Ibadan, shekara biyar bayan layin dogo ya isa Kano. Daga irin waɗannan unguwanni ake ɗaure huhun goro a tura Arewa, shanu kuma su gangaro, wasu a jirgi wasu a ƙasa. Falke zai sauka gidan maigidansa, a ba shi masauki da abinci, dillalan gidan su sayar da shanunsa bashi ga mahautan Yarbawa, maigida ya tsaya masa. In mahauci ya ci kuɗin, maigida ne zai biya. In ya ƙi biya, labari zai riga shi isa Arewa, baƙinsa su koma gidan wani, kasuwarsa ta mutu. Haka dukiya mai yawa ta riƙa yawo tsakanin mutanen da harshensu ba ɗaya ba, babu banki babu lauya. Ashe ke nan amanar da muke yabo ba daga sama ta faɗo ba. Tsari ne mutane suka gina, mai riba ga wanda ya riƙe, mai horo ga wanda ya ci. Wannan shi ne darasin da ajiyar zuciya ba ta koyarwa.

To, wa ya rubuta wannan? Abner Cohen ne ya zo ya zauna a Sabo, ya fitar da littafinsa da Turanci a 1969. Haka Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba da labarin aure da ƙawance da harin bayi: da Hausa ta yi magana, Mary Smith ta saurara, littafin ya fito da Turanci a 1954. Ba mu ga laifinsu ba, sun yi aikinsu. Kunyar tamu ce, mu ɗaliban Hausa, da muke zuwa laburare neman kakanninmu a cikin harshen wasu, alhali kakannin suna zaune a zaure ba mai tambayarsu komai sai kuɗin mota.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu masu daraja, ga abin da muke kira a kai. Kowane hutu, kowannenmu ya zauna gaban tsoho ko tsohuwa guda, da alƙalami ko da wayar da ke aljihunsa. Kada ya tambaye su ko da ta fi yanzu, domin duk tsoho ƙuruciyarsa yake kewa. Ya tambaye su me suka ci a shekarar fari, 'ya'ya nawa suka binne, yaya ake rabon gandu da gayauna, wa ke sasanta rikicin bashi, kwana nawa ake yi a hanya. Ya rubuta da Hausa, daɗi da ɗaci, ya kawo wa wannan mujalla.

Masu iya magana sun ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gaskiya ne bana da zafi, mu ma muna ji a jikinmu. Amma tsofaffin da suka ga agana da idonsu kullum raguwa suke yi, kuma duk wanda aka kai makwanci da amsoshinsa yake tafiya. In muka bari suka ƙare muna ta ajiyar zuciya, 'yan baya ba za su gaji komai daga gare mu ba sai ƙaryar da muka yi wa jiya. Allah ya ba mu ikon tambaya tun masu amsa suna raye.