Ba Saƙon Tes Matar Mainika Take Jira Ba

Duk taron da aka kira kan riga-kafin yara a Kano, sai wani ya miƙe riƙe da kwamfuta ya ce a yi manhaja, a riƙa tura wa iyaye mata saƙon tes ana tuna musu ranar allura. Rubuta manhaja sana'ata ce, da ita nake ci, amma mu daina yaudarar kanmu. Ba mantuwa ce ke hana matar Mainika kai ɗanta asibiti ba.

Ku lissafa tafiyar: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15. Zuwa shida ke nan, kowanne da kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, da sana'ar yini guda da za ta ajiye, da izinin maigida. Wayar da za a tura wa saƙon ma sau da yawa tana aljihunsa, shi kuwa yana gona ko kasuwar Getso. A ce ta tsallake duk wannan ta isa. Kwalbar allurar tarin fuka ta yara 20 ce, ta ƙyanda ta yara 10, kuma da zarar an haɗa ta, bayan awa 6 sai zubarwa. Saboda tsoron asara, ma'aikaci kan ƙi buɗewa don yara uku, ya ce a dawo wani satin. Wadda aka mayar sau biyu, wane saƙo ne zai fito da ita karo na uku?

Masu bincike sun daɗe da auna wannan. A Udaipur ta Indiya, binciken su Abhijit Banerjee da Esther Duflo da aka wallafa a 2010 ya samu kashi 6 cikin ɗari kacal na yara ke kammala riga-kafi a ƙauyukan da ba a taɓa komai ba. Inda aka tabbatar ma'aikaci na zuwa kowane wata ba fashi, ya kai 18. Inda aka ƙara da kilo guda na wani nau'in wake a kowane zuwa, 39. Kada wani ya ce can Indiya ce: a Katsina da Jigawa da Zamfara an gwada shirin New Incentives, wanda ke ba uwa ɗan kuɗi duk ranar allura, kuma yaran da aka yi wa suka ƙaru sosai. Na ji masu kiran wannan cin hanci. Su kuwa ba sa halartar taron bita sai an biya su kuɗin mota.

Akwai kuma masu saurin cewa jahilci ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana cikin gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka rasu. Sai 2009 aka sasanta da jihar Kano kan dala miliyan 75. Da wannan tabon aka shiga 2003, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon shan-inna har tsakiyar 2004. Dakatarwar ta yi ɓarna, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, ba na kare ta. Amma tambayar da magidanta ke yi ba ta wauta ba ce: me ya sa ɗigo ke biyo mu har zaure kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama yaro sai mun sayi magani? Sarakuna da malamai da dagatai ne suka dawo da amincewa, gida-gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna a Agustan 2020.

Sai ga mashaƙo a 2023, Kano ce kan gaba a yawan waɗanda suka kamu, alhali kariyarsa na cikin allurar nan ta sati 6, 10 da 14.

In dole sai an yi manhaja, to a juya ta ta fuskanci hukuma. Ta nuna wane asibitin sha-ka-tafi a Gwarzo da Kabo ya buɗe ranar allura, firijin wane ne ya mutu, yara nawa aka mayar gida ba a yi musu ba, a liƙa sakamakon a ƙofar sakatariya kowane wata. Kuɗin da ya rage a ba uwa na acaɓa, a kuma rubuta wa ma'aikaci a takarda cewa ya buɗe kwalbar ƙyanda ko da yaro ɗaya ne a kan benci, ba wanda zai tuhume shi.