Zaren Alfaka Da Kibiyar Da Ta Dace Da Shi

Duk macen da ta taɓa zama wata biyu tana saƙa rigar sanyi, ranar wankin fari kuma ta ɗauko ta daga shanya ta tarar hannuwa sun zarce yatsu, gindin riga ya doshi gwiwa, ba ta bukatar a yi mata dogon bayani game da muhimmancin kaurin kibiyar saƙa. Irin wannan ɓacin rai kuwa ya fi samun masu aiki da zaren alfaka, wanda tsadarsa ta fi ta ulun tumaki, ga shi kuma da wuyar sha'ani a hannun wanda bai san halinsa ba.

Ita dai alfaka dabba ce 'yar dangin raƙumi, amma ba ta da tozo, girmanta kuwa bai kai na jaki ba. Gidanta na asali shi ne tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, inda makiyaya ke kiwonta a tudun da ya kai mita 3,500 zuwa sama. Ƙasar Peru ce ke da mafi yawan alfakar duniya, musamman lardin Puno da ke bakin tafkin Titicaca, birnin Arequipa kuwa shi ne cibiyar masana'antun da ke sarrafa gashin. Iri biyu ce. Akwai huacaya mai gashi a cukurkuɗe kamar na tunkiya, ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, akwai kuma suri wadda gashinta ke zubowa kamar tukkun siliki. Turawan Ingila sun daɗe ba su san yadda za su yi da wannan gashi ba, har sai a 1836 da wani mai masaƙa na Bradford, Titus Salt, ya ci karo da dilolinsa jibge a wani sito a Liverpool, ya saya, ya yi ta gwaji har ya fitar da yadi mai sheƙi. Da arzikin da ya samu ne ya gina masaƙar Saltaire wadda aka buɗe a 1853.

Abin da ya wahalar da masaƙan Ingila a wancan zamani, shi ne har yau ke wahalar da mai kibiya biyu a ɗakinta. Silin gashin tunkiya yana da lanƙwasa-lanƙwasa da ƙaiƙayi, saboda haka in an ja shi ya miƙe, in an saki sai ya koma yadda yake. Na alfaka kuwa santsi gare shi, lanƙwasarsa kaɗan ce, na suri ma kusan babu. In ya miƙe, to, ya miƙe ke nan. Bugu da ƙari yana da nauyi a jikin saƙa, watau rigar da kanta ita ke jan kanta ƙasa muddin tana jikin mutum. Dalili ke nan da ya sa gwanayen saƙa kan rage kaurin kibiya da rabin milimita, wani lokaci har milimita guda, daga abin da za su ɗauka in da ulun tumaki ne mai kauri ɗaya. Idanun saƙa in suka matsu, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa, ba su samun filin da za su zube.

To, amma kafin a yi maganar ragi sai an san lambar da ake ragewa, a nan kuwa akwai wani rami da ya cinye mutane da yawa. Tsarin lamba uku ne suka fi yawo a duniya. Na milimita shi ne mai sauƙi, domin kaurin kibiyar kawai yake faɗa. Tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ake samu a jikin kibiyoyin da aka gada daga iyaye da waɗanda suka koyi saƙa a makarantun 'yan mata na dā, a juye yake: yadda lamba ke hawa, haka kibiya ke sirancewa. Tsarin Amurka kuma akasin haka. Lamba 8 ta Ingila milimita 4 ce, lamba 8 ta Amurka kuwa milimita 5. Lamba 10 ta Ingila milimita 3.25 ce, ta Amurka milimita 6, kusan ninki biyu. A kan lamba 7 kaɗai suka yi ittifaƙi, wato milimita 4.5. Saboda haka wadda ta samo tsarin riga daga littafin Amurka, ta buɗe tsohon gwangwanin kibiyoyin mahaifiyarta ta zaro mai lambar da aka rubuta, ta kama hanyar ɓata tun kafin ta ɗaura ido na farko. Maganin abin ɗan faifan awo ne mai huji-huji, a zura kibiya a ga ramin da ta cika. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Takardar da ke naɗe da dunƙulen zare takan ba da shawara. Ga zare matsakaici, wanda aka fi yin rigar sanyi da shi, akan rubuta kibiya mai milimita 3.75 zuwa 4.5, da ido 21 zuwa 24 a faɗin santimita 10. Siriri irin na safa yakan nemi milimita 2.25 zuwa 3.25. Sai dai fa shawara ce, ba doka ba, domin masana'anta ba ta san hannun mai saƙa ba. Wata tana matse zare kamar mai jin haushinsa, wata kuwa tana sakinsa, kibiya ɗaya zare ɗaya amma aikinsu ya bambanta.

Abin da ke raba gardama shi ne ƙyallen gwaji, kuma shi ne aikin da kowa ke ƙyashin yi. A saƙa ɗan murabba'i mai faɗin santimita 15, a ƙirga idanun da ke cikin santimita 10 na tsakiya, a rubuta. Sannan a jiƙa shi da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, kamar yadda za a riƙa wanke rigar, a matse shi cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa ya bushe. A alfaka ba a tsayawa nan. Sai a rataye ƙyallen kwana ɗaya ko biyu, a maƙala masa 'yan maƙalan shanya a gindi don su wakilci nauyin riga, sa'an nan a sake ƙirgawa. Wannan ƙirga ta biyu ita ce ta gaskiya.

Lissafin ba wuya. A ce tsarin riga ya nemi ido 22 a santimita 10, ƙirjin mai rigar kuma santimita 100 ne, za a ɗaura ido 220 ke nan. In bayan wanki ƙyallen ya ba da ido 20 maimakon 22, waɗannan ido 220 za su fitar da santimita 110. Bambancin ido biyu tak ya ƙara wa riga santimita 10, ban da abin da za ta ƙara a tsawo. A irin wannan hali sai a sauko daga milimita 4 zuwa 3.5, a sake gwaji. Yammaci guda zai tafi a kan haka, amma warware saƙar alfaka aiki ne mai cin rai, domin gashin yakan kama juna, zaren da aka warware kuma ba ya komawa sumul kamar sabo.

Kada kuma a ɗauka ƙaramar kibiya ce maganin komai. Alfaka ta fi ulun tumaki ɗumi, in aka matse ta fiye da kima sai a sami riga mai tauri da nauyi, wadda ko a hunturun Jos ko na tudun Mambila mai ita zai cire ta kafin hantsi, ga kuma taushin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi. Gyale da mayafin wuya, waɗanda ake so su zubo a kafaɗa, babbar kibiya suke so, a nan wannan saki da ake kuka da shi ya zama ado. Haka ma zaren da aka taje shi ya yi buzu-buzu: siririn zare ne a tsakiya, amma akan saƙa shi da milimita 5 ko 6 don gashin ya sami wurin buɗewa ya cike ramukan. Inda ba a sassauci shi ne bakin hannu da wuya da gindin riga da bakin hula. Nan akan sauka milimita guda cur ƙasa da ta jikin rigar, in ba haka ba hular jariri za ta riƙa rufe masa ido bayan mako biyu. Waɗansu ma sukan zaɓi zaren da aka gauraya da ulun tumaki saboda waɗannan wurare. Ɗinkin gefe da na kafaɗa shi ma yana taimakawa, domin yana riƙe rigar kamar ginshiƙi.

Abin da aka ƙera kibiyar da shi yana da nasa tasiri. A kan ta ƙarfe alfaka sulɓewa take yi, mai saƙa kuma sai ta riƙa matsewa don tsoron kada ido ya kuɓuce, awo ya canja ba ta sani ba. Ta gora ko ta katako tana ɗan riƙe zaren. Wadda aka yi gwaji da ita, da ita za a yi rigar.

A can tsaunukan da dabbar take, saƙar kibiya baƙuwa ce, Sifaniyawa ne suka kai ta bayan sun ci ƙasar a ƙarni na 16, alhali kuwa saƙar masaƙa ta riga su da dubban shekaru. Amma mutanen wurin sun mai da ita tasu. Hularsu mai rufe kunnuwa, wadda suke kira chullo, da siraran kibiyoyi huɗu ko biyar ake saƙa ta a zagaye, a matse ƙwarai don iskar tudu kada ta ratsa. A tsibirin Taquile da ke cikin tafkin Titicaca, wanda hukumar UNESCO ta karrama sana'ar tufafinsa a 2005, maza ne ke riƙe kibiya, tun suna yara ƙanana suke koyo, mata kuwa su ne ke kaɗi da saƙar ɗamara.