Wa Ya Ce Ɗan Kasuwa Ba Ya Bukatar Shimi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu na Arras, daga Treichville har Adjamé, ni kuwa na gaji da jin ta. Da zarar yaro ya kawo sakamako daga kwaleji, aka ga ya faɗi a darasin fizik-shimi, sai uban ya taɓe baki ya ce: "To, likita zai zama? Ya iya lissafi da Faransanci ya isa, shago na jiran sa." Wannan magana ganganci ce, kuma 'ya'yanmu ne za su biya bashinta da fatarsu da huhunsu.

Shimi, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kemistiri, ita ce sanin abin da ke cikin abu, da abin da zai faru idan ya haɗu da wani. Uwargidan da ta jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, shimi ta yi. Dangin tsami, irin su tsamiya da lemun tsami, su ne malamin ke kira asid. Dangin kanwa, irin su ruwan toka da sabulu, su ne baz. In sun haɗu, kowanne yakan karya ƙarfin ɗan'uwansa. Ma'aunin pH da yara ke haddacewa kafin jarabawar BEPC wannan ƙarfin yake aunawa: daga 0 zuwa 14, ruwa tsantsa yana kan 7, tsami na ƙasa, kanwa na sama. Mai shakka ya zuba zoɓo a kofi biyu, ya matsa lemun tsami a ɗaya, ya ɗiga ruwan kanwa a ɗaya. Na farko zai ƙara ja, na biyu ya rine ya yi duhu.

Na san amsar da za a ba ni: "Kakanninmu ba su yi boko ba, ga marinar Ƙofar Mata a Kano tana rini da baba da toka shekaru aru-aru." Gaskiya ne. Haka matan ƙasar nan suka san a jiƙa rogo, a bar shi ya yi tsami, a matse, a turara, kafin ya zama acheken da samarinmu masu garba ke sayarwa, domin ɗanyen rogo mai ɗaci na ɗauke da guba. Amma wancan sani an gaje shi ne a kan kayan da aka daɗe ana zama da su. Kayan da ke cika shagunanmu yau a kwantena suke sauka a tashar jirgin ruwa, kuma babu kakan da ya bar mana wasiyya a kansu.

Ɗauki ruwan jabel, wanda babu gidan da ba shi. In aka gauraya shi da asid ɗin wanke bayan gida, yakan saki iskar kulorin, wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Ɗauki sodar da ake haɗa sabulun kabakuru: garinta kamar sukari, in an narka ta kamar ruwan sha, amma in yaro ya kurɓa tana ƙone maƙogwaro. Mai sayar da ita ya san cewa ba a sa yaron amai, asibiti ake rugawa da shi? A 2015 gwamnatin Kodebuwa ta haramta man bilicin mai ɗauke da zaiba, ko kotizon, ko hidirokinon da ya wuce kashi 2 cikin 100. To, wanda bai san ma'anar kashi 2 cikin 100 a jikin kwalba ba, yaya zai tantance abin da yake miƙa wa 'yar mutane? Je ka Roxy a Adjamé ka ga ƙwayoyin magani a faranti, rana na dukan su, alhali zafi da laima na lalata magani.

Mu mazauna Abijan ai mun ga aya. A daren 19 ga Agusta, 2006, motocin wani kamfani mai suna Tommy suka kwashe dagwalon jirgin ruwan Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, suka zubar a juji na Akouédo da wasu wurare cikin birni. A cikinsa akwai soda mai ƙuna da sinadaran farar wuta. Mutane fiye da 100,000 suka nemi magani. A Fabrairun 2007 kamfanin ya amince ya biya gwamnati sefa biliyan 100 ba tare da ya amsa laifi ba. Darasin kwaleji ba zai tare waɗancan motoci ba, amma zai gaya wa yaro cewa warin ruɓaɓɓen ƙwai alamar iska ce mai guba, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a kwari, kuma in ta yi yawa hanci kan daina jin ta. Wanda ya san haka ba zai tsaya kallo ba.

Malamai ma suna da nasu kason. Wanda ya cika allo da alamomi, yara suka kwafa, suka tashi ba su san kanwar kicin ɗinsu ita ce baz ba, ya ci amanar darasin. Amma mu iyaye ne muka fara kashe wa yaran gwiwa.

Don haka, Alhaji, a wannan makon ka kira yaronka da littafinsa. Ka ɗauko kwalba uku daga shago, ya karanta abin da ke jikinsu, ya bayyana maka da Hausa wanne ne asid, wanne ne baz, wanne ba a haɗawa da wanne. In ya iya, ka yi masa kyauta. In ya kasa, ka taka har makarantar ka tambayi dalili, domin shagon da kake cewa yana jiran sa cike yake da waɗannan kwalabe.